Ƙullin Ƙasar Sawunka

Zuwa ga maigidana, Abban Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwancinka, Ya sanyaya shi, Ya haskaka shi. Yau wata takwas da kwana biyu ke nan da aka kai ka. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Abin da ya sa na rubuta shi ne, akwai wata magana da na yi maka a gaban mutane wadda ba daidai ba ce, kuma a gaban mutane nake so in janye ta. Waɗanda za su karanta su yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba.

Mu dai muna nan lafiya. Nana tana Kano wajen Ummata, ta shiga aji shida, kuma an ce tsawonka ta ɗauko. Ni ina nan Dubai, a ɗakinmu na Hor Al Anz. Hularka tana kan ƙusar da ka bar ta. Bayan arba'in na koma aiki da rana, don malam ya ce larura ta ba ni dama, na ƙarasa takabata tsakanin gida da wurin aiki.

Maganar fim ɗinka ce ta kawo ni.

Ka san Yaya Alhaji, babban wanku, ba ya magana biyu. Ranar sadakar arba'in ya kira ni daga Kano, ya ce duk wani hoto naka da bidiyo a goge, kamar yadda ake yi wa kowa in ya rasu. Na goge na shafinka duka, har bidiyoyin bikin da ka ɗauka tun kana mai kyamara a Kano, kafin ka zo nan ka zama mai ɗaurin kaya a kamfanin kago, masu aika kaya ƙasashe. Sai ya ce saura wancan. Ya ce: "Mamaci addu'a yake buƙata, ba hoto ba, balle wannan shirmen da ya sa ake cewa ɗan gidanmu ya taɓu." Ya ce in ya zo lodin kwantena in kawo masa filashin, ɗan abin nan mai kamar yatsa da ka adana fim ɗin a ciki, da hannunsa zai fasa. Wayarka ta farfashe ranar da ka faɗi a wurin aiki, saboda haka babu shi a ko'ina sai a filashin nan. Na ce to, Yaya. Kuma ba don tsoro na ce to ba. A lokacin ni ma haka na ɗauki fim ɗin.

Kana tune da ranar da ka nuna shi. Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Ka cire zanin gadonmu fari ka maƙala a bango, ka aro injin haskawa, ka tara abokan aikinka da matansu. Na dafa shinkafa da wake. Shekara biyu kana ɗaukar abin nan a sito a Al Warsan, duk ranar hutunka, kana dawowa da ƙafa a kumbure. Aka kunna. Babu waƙa, babu yarinya, babu mai magana, sai ƙarar daka kawai. Ba a yi minti biyar ba aka fara dariya. Wani ya ce ko an manta ba a sa labarin ba ne. Matan suna kallona ta gefen ido. Kunya ta kama ni, sai na ce: "Ku yi haƙuri, zazzaɓi ne ya kama shi, shi ne ya ɗauke shi a waya."

Kowa ya yi dariya, kai ma ka yi. Ka ninke zanin da kanka, ka mayar kan gado, ka ci shinkafarka. Daga ranar ba ka ƙara ambatar fim ba har ka bar duniya. Wata biyar ke nan tsakani.

Wannan ita ce maganar da zan janye. Amma bari in gaya maka yadda aka yi na gane, don ba wayona ba ne.

Ka san Madam Filar, tsohuwar nan 'yar Sifen da nake kula da ita, wadda ɗanta yake gyaran jiragen sama. Kai ne kake ce mata kishiyar barcina saboda kiran da take yi mini da sassafe. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, amma kanta garau yake. Su mutanen ƙasarsu ba sa cin abincin rana sai wajen ƙarfe uku, kuma in ta ci ba ta kwanciya, sai ta sa tsofaffin finafinan garinsu marasa launi. Da, in ta kunna, kicin nake gudu, ina a'uziyya. Na sha gaya maka tsohuwar nan kayan aljanu take kallo.

Da na koma aiki bayan rasuwarka, ranar farko ta dube ni da baƙin hijabina ta daɗe. Da ta gama cin abinci na tashi zan tafi kicin, sai ta riƙe mini hannu. Turancinta guntu ne, nawa ma guntu, sai mu haɗa da Larabcin kasuwa da nuni da hannu. Ta ce shwaiya, wato a hankali, zauna, mai takaba ba ta zama ita kaɗai.

Na zauna. Aka nuno wasu mata cikin baƙaƙen kaya sun jeru a kan rufin gida kamar tsuntsaye, ba sa motsi, rana tana dukansu, mutane suna wucewa ta ƙasa ba mai ɗaga kai. Na ce a raina ga haukar an fara. Sai na ga tsohuwa tana share ido. Ta nuna matan, ta nuna ni. Ta ce a ƙauyensu in an yi rasuwa mata baƙi suke sakawa shekara da shekaru, a rufe tagogi, a lulluɓe madubi. Uwarta ta yi shekara tara cikin baƙi, saboda kafin wancan makoki ya ƙare wani ya sake mutuwa. Ta ce ana ganinsu kullum har aka daina ganinsu. Shi ya sa mai fim ɗin ya ɗora su a kan rufi.

Abban Nana, ni ma a makonnin nan haka nake ji, kowa yana gaishe ni amma ba mai ganina.

Daga ranar na daina gudu. Ashe ita da ƙuruciyarta tela ce, ita take ɗinka wa 'yan fim kaya, saboda haka ta san kowane abu daga inda aka ɗauko shi. Wata rana aka nuno wata amarya ta buɗe akwatin kayanta, sai ga hannuwa da ƙafafu da idanu a jere a ciki. Na rufe fuska. Ta yi dariya har da tari. Ta ce na kakin zuma ne, kuma a cocin ƙauyensu bango guda cike yake da irinsu. Wanda ƙafarsa ta warke sai ya sa a yi masa ƙafar kaki ya rataye don godiya, wanda idonsa ya warke ya rataye ido. Yaro ya tashi yana kallon bangon nan duk mako, in ya girma ya riƙe kyamara me kake so ya nuna?

Haka maza masu dogayen huluna masu tsini da suka rufe fuska, waɗanda aka nuno suna zaune a shagon aski suna jiran layi. Ta ce a makon ibadarsu na shekara haka maza suke shiga su zagaya gari, kuma tana yarinya ta takalmi take gane babanta. Haka bijimin sa da aka nuno zaune a bakin gadon mara lafiya kamar ɗan dubiya. Ta ce a ƙasarsu sa ba nama ba ne kawai, da shi suke kallon mutuwa ido da ido a filin wasa. Ta kuma ce an yi zamanin da mai mulkinsu ba ya son a yi magana, in ka faɗi abu kai tsaye sai a zo a tafi da kai. To sai masu fim suka riƙa ba wa sa da limamin coci da teburin cin abinci saƙon su faɗa, masu tace fim su kalla su ce shirme ne su bar shi ya wuce, 'yan gari kuwa su gane.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ganguna. Kusan duk fim ɗin da za ta sa, sai an kai wani wuri an saki ganguna ba tare da an ga makaɗi ba. Ta ce a yankinsu akwai ranar da duk gari, yaro da babba, kowa zai rataya ganga, a fara da rana tsaka ba za a tsaya ba sai washegari, har hannu ya fashe fatar ganga ta yi ja. Ta ce shekara sittin rabonta da wurin, amma in ta rufe ido tana jin su a haƙarƙarinta. Maganarta da ba zan manta ba ita ce: "Saratu, ba wanda yake ƙirƙiro mafarki. Kayan ɗakin uwarsa yake kwasowa, sai dai ya ajiye su a inda ba a saba gani ba. Baƙo ya yi dariya, ɗan gida ya yi kuka."

Ranar a motar komawa gida ban san sanda muka wuce tashata ba. Ƙarar dakan fim ɗinka nake ji. Ni ce na yi dakan nan, a ɗan turmina, ina daka yaji, kai kana tsugune da waya a bakin turmin har maƙwabta suka buga mana bango.

Washegari na ɗauki filashin na kai mata. Na ce maigidana ma ya yi irin wannan, amma nasa ban sani ba ko ciwo ne. Ɗanta ya haɗa mana kafin ya fita.

Da dakan ya fara sai ta ɗaga yatsa ta ce ga gangunanku nan. Aka buɗe ƙofar kwantena, maimakon katan-katan sai ga tsakar gida, da igiyar shanya da buta da tabarma a naɗe. Ta ce mene ne wannan? Na ce ai tsakar gidansu ce a Kano, ga ma inda Inna mahaifiyarsa take ajiye butarta, hannun hagu da ƙofa. Aka nuno mutum a cikin kwale-kwalen da ake haye ruwan Deira da shi, ya ɗauko ƙyauren ƙofa a ka, kowa yana duba wayarsa. Ta ce wannan fa? Na ce ƙyauren ɗakinsa ne da ya sayar da kayan da ke ciki ya yi kuɗin biza, ya bar ɗakin a buɗe. Aka nuno kwano rufe da faifai, aka buɗe, makullai ne a ciki maimakon tuwo. Na ce shekara biyar yana nan shi kaɗai, gadon haya bakwai ya canza, kowanne da makullin ɗakinsa, kuma ba wanda ya taɓa rufe masa abinci ya jira shi.

Sai na ji muryata. Ni ce nake bayani, ita take tambaya. Duk abin da na zauna wata da watanni tana yi mini, shi nake yi mata, kuma ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ashe ni 'yar gida ce, na zauna a cikin baƙi na taya su dariya.

Sannan aka zo wurin ma'auni, wanda ranar nan aka fi yi wa dariya. Mutum ya ɗora wani ɗan ƙulli a kan babban sikelin kago, ƙullin da bai kai ƙwai ba. Allurar sikelin ta zagaya ta zagaya ta karye. Maza huɗu suka kama suka kasa ɗagawa. Aka kawo motar ɗaga kaya, ita ma ta kasa. Sai mutumin ya sa yatsa biyu ya ɗauka, ya jefa a aljihu, ya shiga kwantenar ya ja ƙofa. Madam Filar ta ce wannan fa? Na buɗe baki zan ce ban sani ba, sai idona ya sauka a kan ƙyallen. Atamfa ce ruwan goro, irin wadda Inna take ɗaurawa.

Safiyar da ka fara barin Kano, bayan mota ta tafi da kai, kowa ya koma ciki. Ni na tsaya a zaure da Nana a baya. Sai na ga Inna ta durƙusa da ƙyar a bakin ƙofa, inda takalminka ya taka, ta tattara ƙasar wurin da tafin hannu, ta yage gefen zaninta ta ƙulle. Ta ɗago ta gan ni. Ta ce: "Ba magani ba ne, 'yar nan. So nake wani abu nasa ya riƙa kwana a gidan."

Ni ce na ba ka labarin nan a waya, ina dariya, ina cewa ka ji Inna da rigima. Kai ba ka yi dariya ba. Shekara uku bayan nan ta rasu, takardunka suna hannun masu sabunta biza, ba ka samu zuwa ba. Ba ka yi kuka a gabana ba ko da na zo. Ashe a sito kake yin kukanka, duk ranar hutu, da sikeli da ƙyallen atamfa. Ka gama ka kawo mini, ni kaɗai a ɗakin nan da na ga abin da idona, na ce zazzaɓi ne.

Tsohuwa ta bar ni na yi kukana, sannan na gaya mata abin da Yaya ya ce. Da ɗanta ya dawo ta ba shi labarin Yaya, ya ce in kawo ya kwafa mini a wuri uku, in kai wa Yaya wancan ya fasa, khalas, shi ke nan, ba wanda zai sani. Na gode masa na ce a'a. Yaya ba maƙiyinka ba ne, tsoron kabarinka yake ji, kuma shi ya tsaya a kan Nana tun da ka tafi. Ba zan yi masa fuska biyu ba. Na kuma riga na san abin da ke hannuna. Na je na sami malamin da yake mana karatu, na zayyana masa komai. Ya tambaye ni ko akwai tsiraici, ko batsa, ko izgili ga addini. Na ce babu, turmi ne da buta da sikeli. Ya ce shi bai ga abin da zai cutar da mamaci a nan ba, amma in bi danginka a hankali.

Makon jiya Yaya ya sauka a masaukinsa na Al Ras, saman shagon kayan yaji, inda ƙamshin kanumfari yake bin mutum har bene. Na je bayan la'asar da kwamfutar da na aro. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye filashin a gabansa. Na ce ga shi, Yaya, ikonka ne, amma ina roƙon alfarma ɗaya, ka ba shi minti ashirin kafin ka fasa, don ba ka taɓa gani ba, labari kawai aka kai maka. Ya dubi agogo, ya ce masu lodi suna jiransa, yalla, a sa.

Ban yi masa bayanin komai ba. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon tabarma. Da aka buɗe kwantena na ji ya gyara zama. Da aka zo kan butar na ji ya ce, kamar da kansa yake, ai nan take ajiye ta. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, ya kife ta. Da aka ɗora ƙullin a sikeli ya ce in tsayar. Ya matso da fuskarsa dab da allon. Sai a nan na gaya masa abin da na gani a zaure.

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Ya ce ranar da ake raba kayan Inna, an sami ƙullin nan a cikin matashin kanta. Aka kwance aka ga ƙasa. Mata suka ce asiri ne wani ya yi mata, shi ya kwantar da ita. Shi da hannunsa ya kai bayan gari ya watsar, ya ƙone ƙyallen, kuma shekara biyu bai gaisa da wata maƙwabciyarsu ba saboda zargi. Ya ce: "Ashe sawun yaron nan na zubar."

Ya ce in ƙarasa masa. Aka gama, mutumin ya shiga kwantena ya ja ƙofa, dakan ya tsaya. Yaya ya ɗauki filashin ya juya shi a tafin hannunsa. Sannan ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce in ajiye wa Nana, in kuma sa a kwafa masa ɗaya, akwai tsohuwar da zai je ya ba haƙuri in ya koma.

To ka ji, Abban Nana. Yanzu yana wuri uku, da sanin Yaya. Wanda ya ce ka taɓu, ya zo ya same ni, zan zaunar da shi in nuna masa kowane abu da inda ka ɗauko shi. Waɗanda suka ci shinkafa da wake a ɗakinmu ranar nan, na san wasunku suna karanta wannan. Ban riƙe ku ba, ni na fi kowa laifi. Amma zanin gadon yana nan, bangon ma yana nan, kuma zan sake maƙala shi.

Ba zazzaɓi ba ne. Na janye. Lafiyarka ƙalau, ka fi mu duka gani, kuma abin da ka yi yana da kyau. Ka yafe mini.

Abu ɗaya ya rage da ban gaya wa kowa ba. Safiyar da ka fita ba ka dawo ba, ka sha shayinka a tsaye, ka sa takalmi a bakin ƙofa, ka ce sai ka dawo. Kana fita na ɗauko tsumma na goge ɗakin kamar kullum. Da aka kira ni aka gaya mini, da na dawo daga asibiti, na tsaya a bakin ƙofar nan ina duba ƙasa. Tayil ne, fes. Garin nan ba ya riƙe sawun kowa. Na daɗe ina jin haushin hannuna.

Yanzu na daina. Na yage gefen zanina na ƙulle filashin a ciki, yana cikin matashin kaina. Na san ba zai dawo da kai ba, kuma ban nemi hakan ba. So nake wani abu naka ya riƙa kwana a gidan.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya haɗa ka da Inna a inuwa ɗaya, ka gaya mata da bakinka abin da ya hana ka zuwa. Allah Ya raya mana Nana, Ya ba ta idonka. Allah Ya ba Madam Filar lafiya, Ya saka mata da alheri, Ya shiryar da mu baki ɗaya. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, in same ka ba ka fushi da ni. Amin.

Taka har gobe,
Saratu, Maman Nana
Hor Al Anz, Dubai